Malam Sa'idu da Tsohuwar Mikro'ond

A Montreuil, gefen birnin Paris, in ka tambayi Hausawa inda za ka kai rediyo ko dutsen guga da ya ƙi aiki, Malam Sa'idu za su nuna maka. Shekarunsa sittin da shida, dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. A unguwar Birni ta Damagaram aka haife shi, ya koyi gyaran rediyo a wata rumfa bakin Kasuwar Dole, kafin wani ɗan uwan mahaifinsa ya yi masa hanyar Faransa a 1983. Ya daɗe a gidan ma'aikata baƙi cikin 'yan Mali, mutum uku a ɗaki, yana aiki a shagon wani dattijo ɗan Fotugal mai gyaran kayan lantarki wajen unguwar Barbès a Paris.

A shagon nan ya haɗu da Tsohuwa. Wata mata ce ta kawo ta gyara, aka gama, ba ta dawo ba. Da ta shekara biyu a lungu, maigidan ya ce Sa'idu ya ɗauke ta ya ba shi wuri.

Mikro'ond ce, wato na'urar ɗumama abinci, irin ta farko-farko, an ƙera ta tun kafin Sa'idu ya bar gida. Sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Jikinta ƙarfe ne da aka yi wa zane kamar katako, ƙofarta kuma ba gefe take buɗewa ba, ƙasa take saukowa kamar ta tanderun burodi. Ba ta da farantin nan mai juyawa. Wata 'yar fanka ce a rufinta daga ciki ke watsa zafin, shi ya sa babban tire ke shiga ya zauna daram. Abin murɗawa biyu ne a fuskarta, ɗaya na ƙarfin wuta, ɗaya na lokaci, kuma na lokacin agogo ne na gaske mai haƙora a ciki, kana jin tafiyarsa. In ya kai ƙarshe, 'yar ƙararrawa ce ke bugawa sau ɗaya tak, ta yi shiru. Sa'idu yakan ce na'urorin yanzu ba su da tarbiyya: sun gama aiki sai su tsaya suna yi wa mutum tsiwa har sai ya taso.

Da ya auro Mariama daga gida suka kama ɗaki a hawa na uku, wata guda ta yi ba ta taɓa Tsohuwa ba, ta ce ita ba ta yarda da wutar da ba a gani ba. Ɗumame ne ya shirya su. A yanka tuwon jiya, a yayyafa masa ruwa, a kife faranti a kai, a sa ƙaramar wuta minti shida. Mariama ta ce ko a tukunyar innarta sai haka.

Halimatou ce 'yarsu ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba su. Sa'idu ya tashi a gidan da uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ko yabonsa aka yi sai ya kau da kai. Mariama tun a asibiti ta ajiye tata kunyar, ta ce a ƙasar da ba ta da inna ba ta da goggo, in ba ta rungumi ɗiyarta ba wa zai runguma? Shi kuwa ya riƙe tasa gam. "Ke" yake ce wa yarinyar, in zai yi maganarta da wani ya ce "yarinyar nan". Uwar ce ke kai saƙo tsakaninsu. Da Mariama ta rasu a 2011, sai gidan ya zama na mutum biyu masu son juna da ba su da tafinta.

Bayan shekara biyu Halimatou ta samu jami'a a Lyon, ta sauka gidan kawunta Ibrahim Khalil, wanda kowa ke kira Halilu. Ƙanen Mariama ne, ma'aikaci a wata masana'anta a Saint-Fons kusa da Lyon, ƙato mai dariya da dukan ciki. Da yake ƙanen mata ne, akwai wasa tsakaninsa da Sa'idu, kuma bai taɓa barin wasan ya huce ba. Shi babu kunyar da ta hana shi komai. Yana kiran sunanta tun daga bakin titi, yana ja mata kunne, yana koya mata tuƙi. Ranar da ta karɓi takardar gama karatu aka yi hoto: Halilu ya dafa kafaɗarta yana washe baki, Sa'idu yana can gefe da hannuwa a baya kamar mai gadin wurin. Hoton yana bangon ɗakin Sa'idu har yau, amma ya rataye shi inda labule ke rufe rabin Halilu.

Kowace Lahadi Halimatou takan kira mahaifinta a waya. Ina wuni, ina gajiya, ya sanyi, sai kuma abin da ya fi tsana: Tonton ya ce. Haka take kiran Halilu. Tonton ya ce kada ta karɓi aikin farko da aka ba ta. Tonton ya ce unguwa kaza ta fi tsaro. Sa'idu yakan amsa da "To, madalla", ya ajiye waya, ya zauna yana jin wani abu kamar garwashi a ƙirjinsa. Ya san Halilu bai yi masa laifin komai ba. Wannan ma shi ya fi ƙona shi, don da akwai laifi da ya samu abin faɗa.

Da ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti ta kama ɗakin kanta a Vénissieux, gefen Lyon, Halilu ya kawo gado, matarsa ta kawo labule da tukwane. Sa'idu ya roƙi wani abokinsa mai motar kaya, suka kai Tsohuwa. Ya ce mata, "Ta uwarki ce." Ya koma gida ya shiga cin abincinsa yadda ya same shi.

Bayan wata takwas, wata Laraba, waya ta yi ƙara. Ba Lahadi ba, Laraba.

"Baba, Tsohuwa ta tsaya. In na murɗa agogon ba ya tafiya."

"Tonton ɗinki bai duba ba?"

"Ya ce shi ba ya taɓa kayan tarihi."

Asabar da safe yana cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jakar kayan aikinsa, daga nan jirgin ƙasa, awa biyu sai Lyon. Ya kwance bayan Tsohuwa a madafa, ya ga haƙoran agogon sun fara cinyewa. Halimatou ta tsaya kusa da shi tana riƙe masa kusoshi a cikin kofi. A nan ya gano wani abu game da kansa: in hannuwansa suna cikin na'ura, bayansa yana wajenta, bakinsa yana buɗewa. Ya ba ta labarin yadda wutar rediyo ta taɓa jefar da shi a Kasuwar Dole, da yadda uwarta ta taɓa sa ƙwai ɗanye a cikin Tsohuwa ya fashe ta ruga har bakin matakala. Halimatou ta yi dariya har ta zubar da kusoshin. Awa uku suka yi a madafar nan. Ya goge haƙoran, ya sa musu mai, agogo ya tashi.

Ya san gyaran ba zai daɗe ba, sai an sauya agogon ɗungurungum. Da Halilu ya zo Paris yin Sallah, suka zaga kasuwar tsofaffin kaya ta bakin Montreuil tare, Sa'idu ya yi sa'ar samun irinsa a cikin tarkacen wani Balarabe, sabo fil bai taɓa aiki ba. Ya naɗe shi a jarida ya jefa a jaka.

Da aka sake kiransa ya tafi da niyyar sakawa. Ya kwance bayan na'urar, ya kai hannu jaka, ya taɓa ƙunshin jaridar, sai ya tsaya. In ya sa wannan, Tsohuwa za ta yi shekara ashirin ba ta yi tari ba. To, mene ne zai kawo shi Lyon? Uba irinsa ba ya ƙwanƙwasa ƙofar 'yar fari ya ce na zo ganinki. Ya janye hannunsa, ya goge tsofaffin haƙoran, ya sa mai. Suka riƙe wata biyar. Haka ya yi ta yi shekara uku, duk wata huɗu ko biyar sai a kira shi, ƙunshin jaridar yana zuwa Lyon yana komawa Paris. Bai ɗauki abin ha'inci ba. In ya tuna, sai ya ce wa kansa ai ba a yar da abin da bai gama mutuwa ba.

A watan Fabrairu, wata Lahadi, ya ji muryarta a dishe.

"Mura ce, Baba, ta kwantar da ni kwana huɗu, amma na warware. Tanti matar Tonton ta kawo mini farfesu, na zo ɗumamawa Tsohuwa ta sake tsayawa. Sai Tonton ya je ya sayo mini sabuwa. Ka ga ka huta da wahalar jirgi."

"To, madalla," in ji Sa'idu.

Ta yi ciwo kwana huɗu bai sani ba. Ta tsaya da zazzaɓi gaban na'urar da shi ya bar ta da ruɓaɓɓen agogo. Ya kamata wannan ya fi damunsa, kuma ya dame shi, amma gaskiyar magana abin da ya hana shi cin abinci ranar shi ne hoton Halilu yana hawa matakala da kwali a kafaɗa.

Asabar ya tafi ba a kira shi ba. Halilu ne ma ya buɗe masa ƙofa.

"A'a, ga babban likita! Sai dai ka makara, mun riga mun yi jana'iza."

"Kai dai ba ka girma."

"In na girma wa zai riƙa tsokanarka? Shigo ka ga amarya."

Sabuwar tana zaune a gurbin Tsohuwa, baƙa, 'yar ƙarama, fuskarta gilashi. Halilu ya shiga nuna ta kamar shi ya ƙera: nan na gashi, nan na narkar da nama, nan in ka taɓa sau ɗaya daƙiƙa talatin. Sa'idu ya ce a ba shi tuwon jiya. Ya sa, na'urar ta juya shi, ta gama ta hau kuka. Ya fito da farantin ya soka yatsa.

"Gefe ya ƙone, tsakiya ƙanƙara. Wannan ce amaryar?"

"Sai an rage wutar, Baba," in ji Halimatou a hankali. "Na saba da ita. Kuma ka ga ina iya ɗaga ta ni kaɗai in share ƙarƙashi. Tsohuwa sai na jira Tonton."

Ba ta faɗa da wata manufa ba, amma sai da ya ji maganar har cikin haƙoransa. Ashe ko ɗaga Tsohuwar ma Halilu ke yi.

A baranda ya samu Tsohuwa, an lulluɓe ta da ledar tebur, an ɗora buhun albasa a kai. Ya sauke buhun, ya durƙusa, ya buɗe jaka. Halimatou ta koma madafa dafa shayi, Halilu ya biyo shi ya jingina da ƙofa. Yana kallo Sa'idu ya warware jaridar da ta yi jawur don daɗewa.

"Dakata," in ji Halilu. "Wannan ba shi ne muka saya tare wurin Balaraben nan ba? Sallar da na zo da ƙafa a kumbure?"

Sa'idu bai ɗago ba.

"Shekara uku ke nan, mijin yaya. Shekara uku kana yawo da shi a jaka?"

"Rage murya."

Halilu ya buɗe baki zai yi dariya, sai dariyar ta ƙi zuwa. Ya jawo ƙofar baranda ya rufe, ya tsuguna kusa da shi.

"Wallahi ban sani ba," in ji Halilu. "Da na sani da ban sayo ba. Ji nan, takardar shagon tana wurina. In ce mata na'urar tana da matsala, in mayar musu. Tsohuwa ta koma wurinta, kai kuma ka ci gaba da sa manka. Ba mai ji daga bakina."

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Sa'idu ya dube shi, ya ga babu wasa ko kaɗan a fuskarsa, tausayi ne tsantsa. Mutumin da ya riga shi komai, yau kuma shi ne zai ba shi izinin zuwa.

"Sadaka za ka ba ni da ɗiyata?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Bar mata kayanta. Ta ce tana iya ɗagawa."

Ya cire tsohon agogon, ya ɗaura sabon, ya haɗa wayoyin. Aikin da ya yi shekara uku yana ja bai kai minti ashirin ba. Suka jawo waya daga ɗaki, ya sa kofin ruwa, ya murɗa. Tsohuwa ta yi gurnaninta, agogo ya tafi sumul, ƙararrawa ta buga. Halimatou ta leƙo da tiren shayi.

"Ta tashi! Baba, to ka tafi da ita gida mana. Tonton ya ce tun da ka ba ni ita, abinci mai sanyi kake ci. Ni ban sani ba sai da ya faɗa mini."

Sa'idu ya harari Halilu, Halilu ya dubi sama. Bayan mako biyu, a motar Halilun aka kawo Tsohuwa Montreuil, kuma shi ya kama gefe ɗaya har hawa na uku, yana haki yana cewa ko gawar sarki ba ta kai wannan nauyi ba.

Daga nan sai shiru. Tsohuwa tana aiki kamar ranar da aka ƙera ta. Sa'idu yana cin ɗumamensa da zafi kowace safiya, bai taɓa jin daɗinsa ba. Laraba ta daina zama ranar da ake sa ido a kan waya. Lahadi kuwa minti biyu: ina wuni, ina gajiya, Tonton ya ce. Maris ya wuce, azumi ya zo ya wuce, a gidan Halilu ta yi Sallah, aka turo masa hoto. Ya yi ta lissafin abin da ke ɗakinta da zai iya lalacewa: firij sabo ne, dutsen guga sabo ne, injin wanki na mai gidan ne. Har ya kama kansa yana fatan sabuwar na'urar ta ƙone, ya yi istigfari, don ya san ko ta ƙone ba shi za a kira ba. Irin waɗannan ba a gyara su, sauyawa ake yi, kuma mai sauyawa yana Saint-Fons, tafiyar minti goma.

Wata Asabar a watan Yuni ya sa rigarsa ta Juma'a ya fita. Ya kai bakin matakala ya ga jakar aiki a hannunsa, ya koma ya ajiye ta. A cikin jirgi bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Halimatou ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta dubi hannunsa.

"Baba! Lafiya? Mi ya lalace?"

"Babu."

"Wani ya rasu a gida?"

"Babu wanda ya rasu."

Ta ba shi hanya ya shiga. Ya zauna a kujerar falo, wadda bai taɓa zama a kanta ba duk zuwan da yake yi. Ta kawo ruwa, ta tsaya tana kallonsa kamar mai neman alamar ciwo, sannan ta zame ta shiga madafa. Ya jiyo ta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Tonton, Baba ne ya zo. A'a, ba jaka. Ban sani ba, bai ce komai ba. Ko za ka zo ka ji ko lafiya?"

Sa'idu ya miƙe. Ya tsaya a ƙofar madafar kamar yaron da za a yi wa tambaya a makaranta.

"Ke. Ce masa ya bari sai gobe."

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ya ce yanzu zai taso."

"Yana da sauran kwanakin shekara duka. Yau ni na zo."

Daga cikin wayar ana jin muryar Halilu yana alo, alo. Ta mayar da ita kunne.

"Tonton, ka bari sai gobe. Awo, lafiya lau. Baƙo gare ni."

Suka koma falo. Ta zauna a ɗaya kujerar, suna fuskantar juna, babu na'ura a tsakani, babu kusoshi a kofi. Ya sha ruwa. Ya gyara hularsa. Ya dubi labulen da matar Halilu ta saya, ya kau da kai.

"Wannan aikin naki na asibiti," ya ce da ƙyar, "mi ake yi a cikinsa takamaimai?"

Sama da shekara huɗu tana aikin, yau ya fara tambaya. Ta yi 'yar dariya, ta naɗe ƙafafu a kan kujera, ta fara yi masa bayanin yadda ake karɓar jini a raba shi a ƙananan kwalabe, da injin da ke juya su, da wata shugabarsu mai faɗan tsiya. Yana saurare yana gyaɗa kai. Can cikin labarin ta ce, "Shi ne Tonton ya ce in nemi canjin sashe."

Garwashin ya motsa a ƙirjinsa, yana nan inda yake. Ya haɗiye, ya gyara zama.

"Shi ya ce haka," in ji Sa'idu. "To, bari ki ji abin da ni zan ce."